Wane littafin Turanci ya kamata ɗalibin Bici ya tafi da shi gida?

A kowace shekara, da zarar hukumar JAMB ta buɗe sayar da fom, ɗaliban ajin ƙarshe na sakandare a Bici da ƙauyukan da ke kewaye da ita kan shiga neman littafi guda ɗaya: labarin da hukumar ta wajabta wa duk mai son rubuta jarrabawar shiga jami'a.

Daga 2021 zuwa 2024 littafin shi ne The Life Changer na Khadija Abubakar Jalli. A 2025 aka sauya shi da The Lekki Headmaster na Kabir Alabi Garba.

Ga ɗalibai da yawa, musamman ƴan ɓangaren kimiyya waɗanda ba sa ɗaukar darasin adabin Turanci, wannan ne karon farko da za a ce su karanta ƙagaggen labari na Ingilishi tun daga bangon farko har na ƙarshe. Lokacin kuwa sun shekara kusan shida a sakandare, jarrabawa kuma saura ƴan makonni.

Abin da ke biyo baya sananne ne. Wasu su sayi ƴan ƙananan littattafan da suka taƙaita labarin, wasu su haddace sunayen taurarin da tambayoyin shekarun baya. Hausawa dai sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Wannan ne ya sa tambayar da ake ganin ƙarama ce take da nauyi: wane littafi malamin Turanci zai miƙa wa yaro ɗan aji ɗaya ko aji huɗu ya je gida ya karanta shi kaɗai, ba malami a kansa, ba jarrabawa a gabansa?

Abin da ke rataye da darasin Turanci

Garin Bici na kan hanyar Kano zuwa Katsina, kimanin kilomita 40 daga birnin Kano. Ƙaramar hukumar ta ƙunshi garuruwan manoma irin su Badume da Saye da Ɗanzabuwa da Kwamarawa da Waire, inda gona ke haɗe da gona, ƙauye na kallon ƙauye.

A nan ne Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Fasaha take. Yaron da ya tashi a garin yana ganin ƙofarta kullum, amma ba zai shiga wannan kwaleji ko Jami'ar Bayero ko wata babbar makaranta cikin sauƙi ba sai da sakamako mai kyau a Turanci.

Jami'o'in Najeriya na neman kiredit biyar a WAEC ko NECO, kuma dole Turanci ya kasance a ciki. A jarrabawar JAMB ma, cikin tambayoyi 180, guda 60 na Turanci ne, sauran darussa uku kuma 40 kowanne.

Takardar Turanci ta WAEC ba ta haddatuwa. Ana ba ɗalibi wani dogon rubutu da bai taɓa gani ba, a ce ya karanta ya amsa tambayoyi. A ba shi wani a ce ya taƙaita shi cikin jimlolinsa. Sannan a ce ya rubuta wasiƙa ko insha'i. Duk waɗannan na buƙatar wanda idonsa ya saba da tafiya a kan shafi, kuma kansa ya tara kalmomi.

A Bici kuwa, Hausa ce harshen gida da kasuwa da masallaci da filin ƙwallo. Sau da yawa ma da ita malami ke fassara darasi a aji domin a gane. Turancin da yaro ke ji a rana bai wuce na ƴan mintunan darasi ba. Littafin da ya shiga jakarsa zuwa gida shi ne kusan hanya ɗaya tilo da harshen zai bi shi har ɗaki.

Abin da aka gani a ƙauyukan Fiji

Masana koyar da harshe sun daɗe da gwada wannan batu. Gwajin da ya fi shahara an yi shi ne a 1980 a tsibirin Fiji, a makarantun karkara da yaransu ke magana da harshensu na gida, suna koyon Turanci a aji kawai, kamar dai yaran Bici.

Masu binciken biyu, Warwick Elley da Francis Mangubhai, sun zuba littattafan labarai masu daɗi kimanin 250 a kowane aji na wasu makarantu takwas, aka ware ɗan lokaci kullum domin karanta su. Wasu makarantun kuma aka bar su a kan tsarin da suka saba.

Bayan wata takwas, sai aka tarar yaran da aka ba littattafan sun ci gaba a fahimtar karatu da ninki biyu na abin da aka saba gani. An wallafa sakamakon a 1983, kuma tun daga lokacin ake kafa hujja da shi a ƙasashe da dama.

Abin lura a gwajin shi ne irin littattafan da aka zaɓa. Labarai ne masu sauƙi, masu jan hankali, waɗanda yaro zai iya bi ba tare da ya tsaya a kowane layi ba.

Wani masani ɗan ƙasar New Zealand, Paul Nation, ya auna wannan sauƙin da lissafi. Bincikensa ya nuna mai karatu na buƙatar ya san kusan kashi 98 cikin 100 na kalmomin da ke shafi kafin ya fahimci labari ba da taimakon kowa ba. Wato baƙuwar kalma ɗaya cikin kowace 50. Ya kuma ƙiyasta cewa karanta cikakken littafin da aka rubuta domin Turawa manya na buƙatar sanin tushen kalmomi 8,000 zuwa 9,000.

Ɗalibin da ya fito daga firamaren ƙauye bai kusa da wannan adadi ba. Idan aka ɗora masa irin wannan littafi, zai rufe shi a shafi na uku, ya kuma yanke wa kansa hukuncin cewa shi ba mai ƙwaƙwalwar Turanci ba ne.

Littafin jarrabawa daban, na gida daban

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauki jerin littattafan jarrabawa a ce su ne na karatun gida.

A manhajar adabin Turanci ta WAEC ta 2021 zuwa 2025 akwai Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda aka buga a Ingila a 1847. Turancinsa tsoho ne, akwai ma wani bara a ciki da ke magana da karin harshen ƙauyen Yorkshire wanda Turawan kansu ke shan wuya kafin su gane. Akwai kuma Invisible Man na Ralph Ellison, littafin 1952 kan rayuwar baƙar fata a Amurka, mai shafuka sama da 400.

Manyan littattafai ne da duniya ta yarda da su, amma wurinsu aji ne, inda malami zai riƙe hannun ɗalibi babi bayan babi. Wanda za a tafi da shi gida kuwa, ma'auninsa na farko shi ne ko yaro zai iya kai ƙarshensa shi kaɗai.

Akwai hanya mai sauƙi da malamai a ƙasashe da yawa ke amfani da ita wajen gane haka. Ɗalibi ya buɗe tsakiyar littafi ya karanta shafi ɗaya, duk kalmar da bai sani ba ya lanƙwashe yatsa ɗaya. Idan yatsun hannu biyar suka ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya fi ƙarfinsa a yanzu, sai ya ajiye ya ɗauki wani. Gwajin bai wuce minti uku ba, kuma ba ya cin ko sisi.

Domin irin waɗannan ɗalibai ne kamfanonin ɗab'i suka fito da littattafai masu hawa-hawa. Jerin Oxford Bookworms, alal misali, matakinsa na ɗaya an rubuta shi da kalmomi kusan 400 ne kacal, yana hawa har mataki na shida mai kalmomi 2,500. Ɗan aji huɗu na sakandare da ya fara daga matakin ƙasa bai yi abin kunya ba, domin da rarrafe yaro kan tashi.

Labarin da ya yi kama da gida

Ma'auni na biyu shi ne duniyar da labarin ke ciki. Yaron da ke kokawa da baƙon harshe, idan aka haɗa masa da baƙuwar ƙasa da baƙin al'adu, kaya sun yi masa yawa. Idan kuwa ya san wurin, ya san irin mutanen, to ko ya ci karo da kalmar da bai sani ba zai iya cankar ma'anarta.

A nan Arewa ba ta da talaucin littattafai.

Cyprian Ekwensi, wanda aka haifa a Minna a 1921, ya bar gajerun labarai da suka dace da ƙananan azuzuwa. The Passport of Mallam Ilia, na 1960, labarin ramuwar gayya ne da ake bayarwa a cikin jirgin ƙasa, kuma ana iya gama shi cikin ƴan kwanaki. Burning Grass, na 1962, labarin wani dattijon Bafulatani ne, Mai Sunsaye, da iyalinsa da shanunsu. Duk yaron da ya tashi yana ganin rugar Fulani a bayan gonarsu ya riga ya san rabin abin da ke ciki.

An African Night's Entertainment na marubucin kuwa, manazarta sun daɗe suna nuna yadda labarinsa ya yi kama da na Jiki Magayi, littafin Hausa na John Tafida da Rupert East. Ɗalibin da ya karanta na Hausar zai shiga na Turancin kamar mai shiga gidan da ya sani.

Haka abin yake ga littattafan da aka fassara. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya fito da Turanci a 1967, fassarar Mervyn Hiskett. Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu ya fito a 2012 da sunan Sin is a Puppy That Follows You Home, fassarar Aliyu Kamal na Jami'ar Bayero. Ajiye na Hausa da na Turanci gefe da gefe ya fi ƙamus amfani ga mai koyo.

Iyayen da suka yi sakandare a shekarun 1980 za su tuna jerin Pacesetters na kamfanin Macmillan, waɗanda aka fara bugawa a 1977. Cikin na farko-farko akwai The Undesirable Element na Mohammed Sule, ɗan Kano, wanda ya rubuta shi yana matashi. Ƙananan littattafai ne masu saurin tafiya, ɗalibai na karɓa-karɓa da su a ɗakunan kwana har bangonsu ya yage. Mutane da yawa da ke rubuta Turanci mai kyau a yau daga nan suka faro.

Ga manyan azuzuwa akwai The Stillborn na Zaynab Alkali, na 1984, labarin wata yarinya mai suna Li da burinta na barin ƙauye zuwa birni. Akwai Witnesses to Tears na Abubakar Gimba. Shi kansa The Life Changer, da yake labarin rayuwar ɗalibai ne a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, bai kamata a jefar da shi don JAMB ta sauya littafi ba. Kwafinsa na nan birjik a hannun waɗanda suka gama, kuma ya dace da ɗan aji huɗu ko biyar.

Wannan ba ya nufin a tsare yaro a Arewa. Bayan littafi uku ko huɗu na gida, sai a miƙa masa Chike and the River na Chinua Achebe, labarin yaron da ke mafarkin tsallaka kogin Neja daga Onica zuwa Asaba, ko Without a Silver Spoon na Eddie Iroh. Daga nan a tsallaka da shi wasu ƙasashen.

Idon iyaye

Ma'auni na uku shi ne wanda malamin da ya san Kano ba zai yi wasa da shi ba: littafin zai shiga gida, kuma uba ko uwa ko yaya na iya buɗe shi.

Jihar na da tarihi a kan wannan. A 2007, zamanin gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau, an ƙona tarin littattafan Hausa da aka karɓe daga hannun ɗalibai a bainar jama'a, ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata tarbiyya. A watan Oktoban 2023 kuma gwamnatin jihar ta haramta amfani da wasu littattafan makaranta, ciki har da Queen Primer, bayan ƙorafin da jama'a suka yi kan wasu kalmomi da ke ciki.

Ko mutum ya yarda da waɗannan matakai ko bai yarda ba, darasin da ke ciki ga malami ɗaya ne. Shafi guda da wani uba ya gani ya fusata na iya sa a hana dukan ƴan matan unguwa zuwa da littafi gida, wata ma a cire ta daga makarantar.

Saboda haka kada malami ya ba da littafin da shi bai karanta ba. Samun lambar yabo ba ya nufin littafi ya dace da ɗan shekara 14. Season of Crimson Blossoms na Abubakar Adam Ibrahim ya ci babbar kyautar adabi ta NLNG a 2016, kuma abin alfahari ne ga Arewa, amma labari ne da aka rubuta domin manya. Haka Born on a Tuesday na Elnathan John.

Makarantar da ta kira taron iyaye da malamai ta baje littattafan a kan tebur, ta yi bayanin abin da kowanne ya ƙunsa da Hausa, ta rufe ƙofar zargi tun kafin a buɗe ta. Uban da aka nuna masa littafi da rana ba zai ƙwace shi da dare ba.

Ba ƙin karatu ba ne

Ana yawan cewa yaran yanzu ba sa son karatu. Wanda ya san abin da ke cikin wayoyin ƴan mata a Kano zai yi shakkar wannan magana.

Tun daga In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino a farkon shekarun 1990, har zuwa labaran da ake rabawa yau a WhatsApp da Wattpad, matasan Hausawa na karanta dogayen labarai babi-babi, har su hana kansu barci. Ɗalibar da ta iya bin labari mai babi 60 da Hausa ta riga ta mallaki abin da ya fi wuyar koyarwa, wato haƙurin zama da littafi da ɗokin sanin abin da zai faru gaba.

Aikin malamin Turanci shi ne ya gano irin labarin da kowane ɗalibi ke so, ya nemo masa makamancinsa a Turancin da zai iya. Mai son labarin zaman gida da kishiyoyi akwai nata. Mai son na ƴan sanda da ɓarayi akwai nasa. Shi ya sa masana ke cewa a bar ɗalibi ya zaɓa da kansa daga cikin abin da malami ya tace, kuma a ba shi damar mayar da littafin da bai yi masa daɗi ba ya ɗauki wani, ba tare da an yi masa faɗa ba.

Lokaci da haske

Zaɓen littafi a Bici sai an yi la'akari da yadda ranar yaro take. Da damina, yaro namiji na tashi daga makaranta ya wuce gona. Da kaka ga yankan gero da dawa da cirar gyaɗa. Da rani wasu na tafiya aikin lambu a yankin madatsar ruwan Watari da ke Bagwai, ko su yi dako a kasuwar Badume. Yarinya kuma ga girki, ga ɗiban ruwa, ga raino. Da yamma akwai Islamiyya, da dare akwai makarantar allo, wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce.

Wanda rayuwarsa ke haka, littafi mai shafi 300 ba nasa ba ne. Siriri mai gajerun babuka, wanda zai shiga aljihu, a karanta babi ɗaya a gindin bishiya kafin la'asar, shi ne daidai.

Ƙaramin lissafi zai nuna abin da hakan ke haifarwa. Ɗalibin da ke karanta kalma 100 a minti ɗaya, idan ya samu minti 20 a rana, ya karanta kalma 2,000. A kwana biyar ya kai 10,000, wato ya gama ƙaramin littafi guda. A zangon karatu mai mako 12 ya haura kalma 100,000. Babu darasin nahawu da zai iya zuba masa Turanci mai yawan haka.

Daga ina littattafan za su fito?

Babban ɗakin karatu na Murtala Muhammad yana cikin birnin Kano, shagunan littattafai kuma sun fi yawa a Sabon Gari. Ɗan Saye ko Ɗanzabuwa ba zai biya kuɗin mota zuwa can don aron littafi ba. Dole littafin ya same shi a makaranta.

Hanyar da ta fi araha ita ce akwatin aji. Maimakon a tilasta wa ɗalibai 50 sayen littafi iri ɗaya, sai a nemi littattafai 50 mabambanta a zuba a akwati mai makulli, a naɗa ɗalibi ɗaya ya riƙe rajistar aro. Kuɗin ɗaya ne, amma kowane yaro ya samu damar karanta 50 maimakon ɗaya. Idan zango ya ƙare, azuzuwa su yi musayar akwati.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da kwamitocin kula da makarantu da ƴan asalin garin da ke aiki a Kano da Abuja na iya cika irin wannan akwati ba tare da jiran gwamnati ba. Ɗaliban kwalejin ilimi da ake turawa koyon aikin koyarwa a makarantun yankin na iya taimakawa wajen rarraba littattafan mataki-mataki. Inda akwai waya a gida, shafin African Storybook na da gajerun labarai kyauta da Turanci da Hausa, waɗanda suka dace da masu farawa.

A watan Yunin 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Jihar Kano. Hankali ya fi karkata ga gyaran azuzuwa da kujeru da ɗaukar malamai, kuma duk ana buƙatarsu. Sai dai akwatin labarai na kowane aji na cikin abubuwa mafi arha da za a iya ƙarawa a wannan lissafi.

Abu na ƙarshe da ke kashe karatun gida shi ne mayar da shi jarrabawa. Idan aka ce kowa ya rubuto taƙaitawa mai shafi biyu za a ba da maki, ɗalibai za su kwafa daga hannun juna. Ya isa malami ya ware minti goma a mako, ɗalibi biyu ko uku su tashi su faɗa wa ƴan ajinsu abin da ya faru a littafinsu da ko ya cancanci a karanta shi. Wanda Turanci ya ƙare masa a tsakiya, a bar shi ya ƙarasa da Hausa, mako mai zuwa zai ƙara jimla ɗaya.

Ɗalibin da ya fara haka tun daga aji ɗaya, yana gama littafi uku kacal a kowane zango, zai isa ajin ƙarshe da littattafai sama da 40 a bayansa. Ranar da JAMB ta sanar da nata littafin, zai zama ɗaya ne kawai daga cikinsu.